Idan gRPC Ya Ƙi Takardar Shaidar Saba Lokacin Gwaji: Wace Hanya Ta Fi Dacewa a Bi?

Masu rubuta manhaja a Sakkwato da suka rungumi gRPC, wato tsarin da ke ba wata manhaja damar kiran wata ta hanyar sadarwa, don haɗa sassan ayyukansu sukan yi aikinsu lafiya har zuwa ranar da aka kunna TLS, tsarin da ke kulle bayanai a hanya kuma ya sa saba ta nuna takardar shaidar da ke tabbatar da ko wace ce ita. Daga ranar kowane kira sai ya dawo da lamba 14, wato UNAVAILABLE, tare da dogon saƙo da ke nuna cewa musafahar farko tsakanin mai kira (manhajar da ke aika buƙata) da saba (wadda ke amsa ta) ba ta kammala ba. A nan ne ake rabuwa kan abin yi. Wani zai ce a kashe TLS gaba ɗaya tunda gwaji ne, wani zai ce a bar shi amma a daina tantance takardar shaida, wani zai so a kafa hukumar sa hannu a kan takardun shaida ta cikin gida, wani kuma ya fi natsuwa da takardar da duk duniya ta amince da ita, irin ta Let's Encrypt. Hanyoyin nan huɗu duk suna sa jan saƙon ya ɓace, amma abin da kowace ke bari a baya ya bambanta ƙwarai, kuma wanda ya zaɓa kafin ya san takamaiman abin da ya lalace yakan ɗage matsalar ne kawai zuwa ranar da manhajar ta shiga hannun jama'a.

Google ne ya saki gRPC a 2015, kuma an gina shi a kan HTTP/2, siga ta biyu ta ƙa'idar aika bayanai a yanar gizo. Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan batunmu, domin HTTP/2 a kan TLS yana buƙatar aƙalla TLS 1.2, sannan yana buƙatar ɓangarorin biyu su amince da alamar h2, mai nufin HTTP/2, ta hanyar ALPN, wato yadda suke zaɓar ƙa'idar da za su yi magana da ita, tun a cikin musafahar. Bayan haka sai mai kira ya duba takardar da saba ta miƙo ta fuska uku: ko wanda ya sa mata hannu yana cikin waɗanda aka amince da su, ko sunan da ke cikinta ya dace da sunan da aka kira, da kuma ko ranar yau tana cikin wa'adinta. Amincewar tana tafiya ne kamar silsilar ijaza da malaman garin nan suka saba da ita, inda ɗalibi ke ambaton malaminsa, malamin ya ambaci nasa, har a kai ga wanda kowa ya sani, kuma idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya sai silsilar ta yanke ko da na ƙarshen amintacce ne. Takardar saba tana jingina da ta tsakiya, ta tsakiya tana jingina da ta tushe, ta tushen kuwa dole ne ta riga ta kasance a ma'ajiyar na'urar da ke kira.

Don haka matakin farko, kafin a zaɓi kowace hanya, shi ne a fitar da gRPC daga cikin lissafi a tambayi sabar kai tsaye. Umarnin openssl s_client -connect 192.168.8.100:50051 -alpn h2 -showcerts yana nuna duk takardun da sabar ta miƙo, da ko ta amince da h2, da kuma hukuncin tantancewa a ƙarshen rubutun. Idan sabar tana amsa sunaye da yawa sai a ƙara -servername tare da sunan da ake nufi, domin in ba haka ba tana iya miƙo takardar wani suna daban, mutum ya ɓata yini yana binciken takardar da ba ita ce matsalar ba. Idan an ajiye takardar a fayil, openssl x509 -noout -dates -ext subjectAltName zai nuna ranar farawa da ranar ƙarewa da sunayen da aka rubuta a ciki. Wanda ke rubuta manhaja da harshen Python ko C++ zai iya sa GRPC_VERBOSITY=DEBUG don ya ga cikakken dalilin, na Go kuma yana da GRPC_GO_LOG_SEVERITY_LEVEL=info.

Saƙonnin kansu suna faɗin gaskiya ga wanda ya tsaya ya karanta su har ƙarshe. Idan Go ya ce "first record does not look like a TLS handshake", ko Python ya ambaci WRONG_VERSION_NUMBER, to babu ruwan takarda a ciki: mai kira yana magana da TLS ne alhali sabar tana sauraro a fili, ko kuma an kira tashar da ba ita ba. Idan aka ga "certificate signed by unknown authority", ko "PKIX path building failed" a Java, silsilar ce ta yanke. Idan saƙon ya ce takardar tana aiki ga wani suna ba wanda aka kira ba, ko ba ta ɗauke da adireshin IP, matsalar suna ce. Akwai kuma wanda ya fi rikita mutane, inda takardar ba ta da aibi ko kaɗan amma wata manhaja da ke tsaye a gaban sabar ba ta amsa h2 ba. Tun daga sigar 1.67 ta gRPC na Go a 2024, mai kira yana yanke haɗin idan ALPN bai zo ba, alhali tsofaffin sigogi suna kau da kai.

Batun agogo ya cancanci a tsaya a kansa, domin a wurinmu ya fi yawa fiye da yadda littattafan koyarwa ke zato. Yawancin kwamfutocin da ake aiki da su na hannu ne, kuma ƙaramin batirin da ke riƙe agogon cikin allonsu ya daɗe da mutuwa. Idan aka ɗauke wuta batirin babba ya ƙare, sai kwamfutar ta tashi da kwanan watan shekarun baya, kuma a idonta duk takardar da aka yi a bana lokacin aikinta bai zo ba tukuna. Haka ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4, wadda wasu ke ajiyewa a kusurwar ofis a matsayin sabar gwaji, ba ta da agogo mai batiri, tana dogara ne da intanet don sanin lokaci bayan kowace tashi. Saƙon "certificate has expired or is not yet valid" yana rufe fuska biyu, saboda haka a duba agogon ɓangarorin biyu kafin a zargi takarda. A kuma tuna cewa ranakun cikin takarda da lokacin UTC aka rubuta su, wanda ke bayan agogon Najeriya da awa ɗaya.

Hanya ta farko, wato kashe TLS, ita ce mafi sauƙi kuma ba ta da laifi a inda ya dace. Da grpcurl, manhajar layin umarni ta gwada kiran gRPC, ana sa -plaintext, a Python ana buɗe insecure_channel, a Go ana amfani da insecure.NewCredentials. Idan mai kira da saba duk suna kan kwamfuta ɗaya, kuma abin da ake gwadawa shi ne ko lissafin kuɗin makaranta yana fitowa daidai ko ko jerin kayan shago yana dawowa cikakke, babu dalilin wahalar da kai da takardu. Amfaninta na biyu shi ne raba gardama: idan kira ya yi aiki a fili ya ƙi aiki da TLS, an san inda za a duba. Iyakarta ita ce ba ta gwada komai game da tsaro, kuma da zarar bayanai sun bar kwamfutar sun bi ta na'urar intanet da ofis ke rabawa, duk wanda ke kan wannan layi yana iya karanta su. Wasu kundayen gRPC na harsunan manhaja ma suna ƙin aika alamar shiga ta mai amfani a kan layin da ba a kulle ba, don haka sashen tabbatar da mai shiga ba zai gwadu ta wannan hanya ba.

Hanya ta biyu ita ce a bar TLS amma a ce kada a tantance takarda, kuma ita ce na fi jin tsoro a kan ayyukan matasanmu. A grpcurl sunanta -insecure, a Go kuma InsecureSkipVerify. A lura cewa -insecure na grpcurl ba daidai yake da insecure_channel na Python ba: na farkon yana kulle bayanai ba tare da ya san wa yake magana da shi ba, na biyun kuwa ba ya kulle komai, kuma rikita su yana iya haifar da saƙon "first record does not look like a TLS handshake" ko WRONG_VERSION_NUMBER da aka ambata a sama. A matsayin kayan bincike na minti ɗaya, wannan hanya tana da daraja, domin idan kira ya wuce da -insecure ya ƙi wucewa ba tare da shi ba, an tabbatar cewa musafahar da ALPN lafiya suke, abin da ya rage shi ne silsila ko suna ko agogo. Haɗarin yana zuwa ne idan aka rubuta ta cikin manhajar. Layi ɗaya ne, ba ya kuka, gwaji yana wucewa, kuma bayan watanni babu mai tuna cewa yana nan. Manhajar da ta fita da wannan layi za ta karɓi kowace takarda daga kowane mutum da ya tsaya tsakaninta da saba, har da wadda ya ƙirƙira da kansa a cikin daƙiƙa kaɗan, kuma idan manhajar tana ɗauke da bayanan marasa lafiya ko na kuɗin 'yan kasuwa, amanar mutane ce aka saka a hanya. gRPC na Python bai ma ba da zaɓin tsallake tantancewa ba, kuma ina ganin wannan hukunci ne mai kyau. Abin da ya bayar shi ne grpc.ssl_target_name_override, wanda ke canza sunan da ake nema a takarda kawai, kamar yadda -authority da -servername ke yi a grpcurl, silsilar kuwa ana ci gaba da duba ta. Wannan ya fi tsallakewa gaba ɗaya nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma don gwaji aka tanade shi.

Hanya ta uku ita ce ƙungiya ta kafa hukumar sa hannu tata, ta yi takardar tushe ɗaya, ta riƙa sa wa takardun sabobin gwaji hannu da ita, sannan ta ba kowane mai kira takardar tushen. Fa'idarta babba ita ce tantancewa tana nan daram kamar yadda za ta kasance a aikin gaske, don haka kuskuren suna ko na silsila zai bayyana a teburin mai rubutu tun kafin ya kai ga jama'a. Ba ta buƙatar intanet, ba ta buƙatar sayen suna, kuma tana karɓar localhost da adireshi irin 192.168.8.100 da duk wani sunan cikin gida, waɗanda babu hukumar duniya da za ta sa musu hannu. Ga ƙungiyar mutum uku ko huɗu da ke aiki a ɗaki ɗaya a Arkilla ko Mabera, kan layin da ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A cikin wannan hanya ma akwai zaɓi biyu. Wanda ya yi aikin da openssl da hannunsa zai fahimci kowane mataki, amma akwai rami guda da kusan kowa ke faɗawa. Tsofaffin darussa suna koyar da a rubuta sunan saba a filin CN na takardar kawai, wato tsohon filin suna, alhali Chrome ya daina duba wannan fili tun 2017, Go ya bi sahu a sigar 1.15 a 2020, kuma a 1.17 ya cire ko da hanyar komawa baya. Dole sunan ya shiga filin subjectAltName, adireshin IP kuma a rubuta shi a matsayin IP, ba a matsayin DNS ba. Abin da ya fi ɓata rai shi ne mutum zai iya sa filin daidai a cikin takardar neman sa hannu, amma openssl x509 -req ba ya kwafe shi zuwa takardar ƙarshe sai an ba shi -extfile, ko -copy_extensions a OpenSSL 3. Shi ya sa ake duba takardar da ta fito, ba wadda aka shigar ba. Zaɓi na biyu shi ne mkcert, kayan aikin yin takardun gwaji wanda Filippo Valsorda ya rubuta. Umarnin mkcert -install yana ƙirƙirar tushe ya saka shi a ma'ajiyar kwamfuta, sannan mkcert localhost 192.168.8.100 ya fitar da takarda da mabuɗinta da filayen da suka dace. Ga mafi yawan masu gwaji, mkcert ya wadatar, kuma ƙungiyar da ta girma har tana son takardu su riƙa sabunta kansu tana iya duba step-ca.

Wahalar wannan hanya tana wajen rarraba tushen, domin ba kowace manhaja ce ke duba ma'ajiyar kwamfuta ba. Go yana dubawa. Java yana da tasa ma'ajiyar mai suna cacerts. Node yana tafe da nasa jerin, sai an nuna masa ƙari ta NODE_EXTRA_CA_CERTS. gRPC na Python shi ma yana zuwa da nasa kundin, don haka ko dai a miƙa masa tushen ta ssl_channel_credentials ko a sa GRPC_DEFAULT_SSL_ROOTS_FILE_PATH. Akwatin Docker, inda ake gudanar da manhaja a ware, bai san abin da aka saka a kwamfutar da ke ɗauke da shi ba, wasu ƙananan akwatunan ma ba su da jerin tushe ko ɗaya sai an saka musu ca-certificates. A waya kuwa, tun daga Android 7.0 a 2016 manhajoji ba sa amincewa da tushen da mai waya ya ƙara da kansa sai an bayyana hakan a tsarin manhajar. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum zai ga burauza ta buɗe adireshi lafiya, grpcurl ya wuce, amma manhajar Python ta ƙi. Shawarata ita ce a riƙa miƙa fayil ɗin tushen a fili, da -cacert a grpcurl ko makamancinsa a cikin tsarin gwaji, maimakon dogara da ma'ajiyar kowace na'ura, domin abin da aka rubuta a fili kowa na iya ganinsa ya gyara. Sai kuma mabuɗin sirrin tushen, wanda mkcert ke ajiyewa da sunan rootCA-key.pem. Wanda ya same shi zai iya ƙirƙirar takardar kowane suna, har na banki, kuma duk kwamfutar da ta amince da tushen za ta karɓa. Ba a tura shi ta WhatsApp, ba a saka shi a Git. Abin da ake rabawa shi ne rootCA.pem kaɗai.

Hanya ta huɗu ita ce takardar hukumar duniya. Let's Encrypt ta fara ba jama'a takardu kyauta a ƙarshen 2015, masu wa'adin kwana 90, kuma tushenta ISRG Root X1 yana cikin kusan duk na'urorin zamani, don haka babu abin da za a rarraba wa masu kira. Wannan ita ce ta dace da sabar gwajin ƙarshe, wadda abokan hulɗa na waje ko wayoyin masu gwaji za su kira. Sharaɗinta shi ne mallakar suna na gaske, ko na .com ko na .ng da ke ƙarƙashin NiRA, hukumar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, da kuma tabbatar da mallakar. Tabbatarwa ta HTTP-01 tana buƙatar duniya ta iya isa tashar 80 ta sabar, abin da ba ya yiwuwa ga kwamfutar da ke bayan MiFi ko layin waya, inda mutane da yawa ke raba adireshi ɗaya na waje. Mafita ita ce DNS-01, inda ake rubuta wata alama a bayanan sunan, kuma da ita ana iya samar wa sabar cikin ofis takarda ko da ba a ganin ta daga waje. A sani kuma cewa duk sunan da aka yi wa irin wannan takarda yana shiga kundin da kowa ke iya bincikawa, saboda haka kada a sa wa sabar gwaji sunan da ke tona aikin da ba a so a sani tukuna. Akwai iyaka kan maimaita takarda iri ɗaya, sau biyar a mako, don haka mai koyon saitin ya fara da sashen gwaji na Let's Encrypt, yana sane da cewa takardun wannan sashe ba a amince da su a ko'ina.

Ko da takardar duniya, kuskure ɗaya yana yawan dawowa. Certbot, kayan aikin karɓo takardun Let's Encrypt, yana ajiye cert.pem da fullchain.pem, kuma wanda ya ba saba na farkon ya bar takardar tsakiya a baya. Burauza takan cike giɓin da kanta, shi ya sa shafi ke buɗewa, amma masu kiran gRPC galibi ba sa yin haka. Idan -showcerts ya nuna takarda ɗaya tak, an gano matsalar. Tsofaffin na'urori kuma suna da tasu damuwar, wadda ta fito fili ranar 30 ga Satumba 2021 lokacin da tsohon tushen DST Root CA X3 ya ƙare, inda na'urorin da ba a sabunta jerin tushensu ba suka fara ƙin takardun da ba su da aibi. Sabuntawa da hannu ma tana ƙara zama abin da ba zai ɗore ba, domin a 2025 hukumomin takardu da masu burauza sun amince a rage wa'adin takardun duniya mataki mataki har zuwa kwana 47 a 2029.

Idan aikin yana buƙatar mai kira shi ma ya nuna takarda, wato tantancewa ta ɓangare biyu, ma'aunin yana karkata gaba ɗaya zuwa hukumar cikin gida. Sabar tana bukatar sanin cewa mai kiran na gida ne, kuma hukumar duniya ba ta da amsar wannan tambaya. Let's Encrypt ma ta sanar a 2025 cewa za ta daina sa alamar tantance mai kira a takardunta a 2026. Da mkcert -client ana yin takardar mai kira, a miƙa ta ga grpcurl da -cert da -key. A TLS 1.3 mai kira yakan ɗauka musafaha ta kammala kafin sabar ta ƙi takardarsa, don haka kuskuren yana iya bayyana a matsayin yankewar haɗi a kiran farko, kuma ainihin dalilin yana cikin rubutun sabar ne.

Ga ƙungiyar da ke tambayar wace za ta ɗauka, abin da nake gani shi ne ta mai da hukumar cikin gida hanyarta ta kullum a duk gwajin da ya ratsa tsakanin na'urori biyu, ta bar kira a fili ga gwajin lissafi a kan kwamfuta ɗaya, ta nemi takardar Let's Encrypt ta DNS-01 ga sabar da mutanen waje za su taɓa. Tsallake tantancewa kuwa ya tsaya a layin umarni na grpcurl lokacin bincike, kuma yana da kyau a sa manhajar duba rubutun manhaja ta ƙi karɓar duk gyaran da ya ƙunshi InsecureSkipVerify ko ssl_target_name_override a wajen jakar gwaji, tare da umarni ɗaya da zai duba ranar ƙarewar takardun gwajin kowane mako ya yi gargaɗi idan saura kwana 14.